Kawar da bakteriyar hanjin ƙudan mangwaro: antibayotik guda, gauraye, wankin ƙwai ko jan ƙarfe?

Duk wanda ya taɓa yanka mangwaro mai kyan baya ya tarar da farar tsutsa tana wutsil-wutsil a ciki ya san aikin ƙudan 'ya'yan itace. Wanda ya fi addabar lambunan Afirka ta Yamma yanzu shi ne Bactrocera dorsalis, baƙo daga Asiya da aka fara gani a Kenya a 2003, ya bazu har ya danne ɗan gida, Ceratitis cosyra, a wurare da yawa. Wannan ƙuda ba shi kaɗai yake tafe ba. Hanjinsa cike yake da bakteriya, mafi yawansu dangin Enterobacteriaceae: Klebsiella, Enterobacter, Citrobacter, Providencia da makamantansu. Masu bincike a Sin sun nuna a 2017 cewa wata Citrobacter da ke cikinsa tana farfasa maganin ƙwari trichlorphon, ƙudan ya sha feshi ya tashi garau. A 2020 an gano Klebsiella michiganensis tana taimaka masa jure sanyi, a 2021 kuma aka nuna Bacillus da ke ƙarshen hanjin namiji ce ke haɗa ƙanshin da yake jawo mace da shi.

Hanyar gane amfanin waɗannan baƙi ita ce a cire su a ga abin da zai faru. A nan ɗalibin digiri na biyu ko ma'aikacin cibiyar bincike yake tsayawa da kundin oda a hannu: wane magani, nawa, ko kuwa a bar magani a wanke ƙwai?

Ma'aunai biyar

Na farko, wa kake son cirewa? Babu maganin da ke share hanji tas. Kowanne yana da waɗanda yake kamawa da waɗanda suke wuce shi, kuma waɗanda suka tsira sukan mamaye gurbin da aka bar musu cikin 'yan kwanaki.

Na biyu, me maganin yake yi wa ƙudan kansa? Wannan shi ne ma'aunin da aka fi mantawa. Idan mace ta rage ƙwai bayan ta sha magani, dole ka iya bambance rashin bakteriya daga gubar magani, ko ma daga yunwa saboda ɗacin abincin ya hana ta ci.

Sai dorewa, wato jure zafi, haske da ɗaukewar wuta. Sai sauƙin aiki da kayan da yake buƙata. Sai kuɗi, wanda ya kamata a lissafa har da abin narkarwa, matata da farantan agar (daskararren abincin da ake tsirar da bakteriya a kai), ba kwalbar gari kaɗai ba.

Streptomaisin

Shi ne tsohon hannu a wannan fage. Tun 1966 wani masanin ƙwari mai suna Hagen ya nuna cewa idan an ba uwar ƙudan zaitun streptomaisin, tsutsotsinta ba sa iya girma a ɗanyen zaitun. Yana manne wa injin haɗa furotin na bakteriya ya sa ta yi ta ƙera gurɓataccen furotin har ta mutu. Yana kama yawancin dangin Enterobacteriaceae, yana narkewa a ruwa ba tare da wahala ba, garinsa yana da arha, kuma ya fi amfisilin jure zafin ɗaki. Ana haɗa ruwa mai kauri na miligiram 50 a kowace mililita, a tace da matata mai ramin mikiromita 0.22, a rarraba a ƙananan bututu a sa a firiza. Idan kana son mikirogiram 200 a kowace mililita cikin mililita 50 na ruwan sukari, mililita 0.2 za ka ɗiba daga mai kaurin.

Raunin sa uku ne. Ba ya shiga cikin ƙwayoyin jikin ƙwaro sosai, don haka Wolbachia, wata bakteriya da a can take zaune, ba ta san yana yi ba. Yana buƙatar iskar oksijin kafin ya kutsa cikin bakteriya, saboda haka masu zama a lungun da babu iska suna tsira. Na uku, ƙarfinsa yana raguwa a wuri mai tsami, kuma abincin tsutsa na ɗakin gwaji da gangan ake tsamama shi don hana ruɓa. Ke nan ya fi aiki a ruwan sukarin manyan ƙudaje fiye da a cikin abincin tsutsa. Bugu da ƙari, an daɗe ana amfani da shi a jikin mutane da dabbobi, don haka bakteriya masu jure shi ba su da wuyar samu a ƙudan da aka kamo daga lambun da ke kusa da gari ko gidan kaji.

Tetrasaikilin

Kowa ya san shi, kafso ja da yalo na kemis. Kada wannan sabon ya ja ka: abin da ke cikin kafso gauraye yake da garin cika ciki, ba ka da tabbacin nawa ne ainihin maganin, kuma sakamakon da aka gina a kan haka ba ya maimaituwa. A sayi garin ɗakin gwaji.

Fa'idarsa ita ce faɗin kamu da kuma shiga cikin ƙwayoyin jiki, shi ya sa shi ne maganin da aka saba cire Wolbachia da shi. A ƙudan Drosophila akan sa kimanin miligiram 0.25 zuwa 0.3 a kowace mililita ta abinci har tsara biyu. To amma ƙofar da yake bi ya kai ga Wolbachia ita ce yake bi ya kai ga mitokondiriya, injin ƙarfin ƙwayar jikin ƙudan, wanda asalinsa ɗan'uwan bakteriya ne. Ballard da Melvin sun nuna a 2007 cewa illar tana nan a jikin Drosophila har tsara biyu bayan an daina ba da maganin. Ma'ana, wanda ya ba ƙuda tetrasaikilin yau ya auna ƙarfin tashinsa ko yawan ƙwansa gobe, gubar magani yake aunawa tare da rashin bakteriya, kuma ba shi da hanyar raba su. Sai an huta tsara biyu zuwa uku a kan abinci marar magani. A ƙudan mangwaro, da tsara ɗaya ke cin kusan wata guda daga ƙwai zuwa sabon ƙwai, wannan hutu kaɗai wata biyu ne ko uku. A saka shi cikin lissafin lokacin aikin tun farko.

Ta fuskar dorewa kuma mai laulayi ne. Haske yana lalata shi, sai an naɗe kwalba da kejin sha da takardar alminiyam. Yana haɗuwa da kalsiyam, magnesiyam da sinadarin ƙarfe ya zama ba ya aiki, kuma garin yis da ake ba ƙudaje a matsayin furotin yana ɗauke da waɗannan. Ba ya kashe bakteriya kai tsaye, tsayar da haihuwarsu yake yi, da an janye shi sai su farfaɗo. Wasu dangin Providencia da Proteus kuma da juriyarsa aka halicce su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a cikin Providencia akwai masu cutar da ƙudan. Kana iya danne masu amfani ka sakar wa mai cutarwa fili, ƙudaje su yi ta mutuwa, ka rubuta cewa rashin bakteriya ne ya kashe su. Akan narkar da shi a barasar gwaji mai kashi 70, miligiram 10 a mililita, don haka rukunin kwatance, wato ƙudajen da ba a ba magani ba, shi ma sai an ɗiga masa barasa daidai gwargwado.

Rifamfisin

Jan gari ne mai rina komai, ba ya son ruwa, sai an narkar da shi a sinadarin narkarwa irin su DMSO ko methanol, shi ma yana gudun haske. Yana tsayar da kwafar saƙon gado a cikin bakteriya. Yana da ƙarfi a kan masu ɗaukar rinin Gram (rinin da ake rarrabe bakteriya gida biyu da shi) irin su Bacillus, yana kuma cire Wolbachia. Amma a kan Klebsiella da Enterobacter, waɗanda su ne mafi yawa a hanjin ƙudan mangwaro, fatarsu ta waje tana tare shi. Canji ɗaya tak a ƙwayar gadon rpoB ya isa bakteriya ta jure shi, saboda haka ba a dogara da shi shi kaɗai na tsawon lokaci. Ya fi streptomaisin da tetrasaikilin tsada. Sannan ginshiƙi ne a maganin tarin fuka, abin da ya sa bai kamata ragowarsa ta bi kwata ba.

Amfisilin da 'yan'uwansa

A takarda shi ne mafi tausayin ƙuda, tunda bangon jikin bakteriya yake rushewa kuma ƙwaro ba shi da irin wannan bango. A aikace, a kan ƙudan 'ya'yan itace, kusan ɓarnar kuɗi ne idan shi kaɗai ne. Klebsiella, Enterobacter, Serratia da Citrobacter freundii duk suna da sinadarin da ke farfasa shi tun asali, har su kāre maƙwabtansu ta hanyar cinye maganin da ke kusa. Ruwansa kuma ba ya jure zafi: a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, wanda aka zuba da safe ba a sa ran ƙarfinsa ya kai jibi. Idan za a sa shi a abinci mai agar, sai abincin ya huce ƙasa da digiri 55. Ɗan'uwansa fiferasilin ya fi shi faɗin kamu, shi ne masu bincike a Isra'ila suka yi amfani da shi a kan ƙudan zaitun, sai dai tsada da wuyar samu.

Gauraye

Mafi yawan masu aiki a nan suke ƙarewa: magani biyu ko uku masu hanyar kisa daban-daban, misali fenisilin da streptomaisin, ko sifrofiloksasin da fiferasilin kamar yadda aka yi a kan ƙudan Bahar Rum, Ceratitis capitata. Wanda ya kuɓuce wa ɗaya sai ɗayan ya kama shi.

Tsarin aikin shi ne: a ware ƙudaje ranar da suka fito daga kwanso, kafin su ci komai. A ba su ruwan sukari mai kashi 20, wanda aka kashe ƙwayoyin cikinsa, da magani a ciki, a jiƙa auduga. A cire duk wani ruwan sha dabam, in ba haka ba can za su koma su bar mai ɗaci. A canja audugar kowace rana ko bayan kwana biyu, har kwana 5 zuwa 7. A ɗiga ɗan shuɗin kalar abinci a ruwan: cikin ƙudan da ya sha zai nuna shuɗi ta fatar ciki, wanda ya ƙaurace kuma za a gan shi fayau. A riƙa canja keji, domin ƙuda yana lasar bango da kashin 'yan'uwansa, ta nan bakteriyar ke dawowa.

Illar gauraye ita ce gubar kowane magani tana taruwa, kuma ba a san wanda ya jawo me ba. Kada a haɗa tetrasaikilin da dangin fenisilin: na farko yana tsayar da girman bakteriya, na biyu kuma sai mai girma yake kashewa, suna iya taka wa juna birki. Sifrofiloksasin yana da ƙarfi ƙwarai a kan Enterobacteriaceae, amma shi ma ba ya barin mitokondiriya lafiya lau. Kuma babu ɗaya cikinsu da ke taɓa yis. Da bakteriya ta ragu sai yis mai rai ya cika hanji, yis ɗin kuwa shi kansa abinci ne mai furotin ga ƙuda, ya ɓoye maka ramin da rashin bakteriyar ya bari.

Wankin ƙwai

Wannan hanya ba ta da antibayotik ko kaɗan. Mace tana shafa wa ƙwai bakteriyarta lokacin da take huda fatar mangwaro ta saka shi, tsutsa kuma ta ɗauka idan ta ƙyanƙyashe. Idan an wanke bayan ƙwan, an yanke wannan igiya.

Ana tara ƙwai da robar da aka huhhuda da allura, aka sa ɗan ruwan mangwaro ko gwaba a ciki. A kwashe bayan 'yan sa'o'i, tun suna sabbi. Farare ne, tsawonsu kimanin milimita 1, da ɗan lanƙwasa kamar ayaba. A zuba su a ƙaramar matata, a tsoma a ruwan bilic na minti 2 zuwa 3, a ɗauraye da barasa mai kashi 70, sannan da tsarkakakken ruwa sau uku. A duba ƙarfin bilic a jikin kwalbar: idan kashi 3.5 ne kuma ana son kusan kashi 1, awo ɗaya na bilic ne da awo biyu da rabi na ruwa. Tsohon bilic da ya daɗe a buɗe ya riga ya sane, a sayi sabo. Kafin babban aiki a gwada lokuta daban-daban, a jera ƙwai 100 a kan jiƙaƙƙen baƙin ƙyalle, a ƙirga waɗanda suka ƙyanƙyashe bayan kwana biyu. Wanki ya yi yawa, ƙwai ya mutu. Ya yi kaɗan, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Kayan wankin ba su kai kuɗin kwalbar magani ɗaya ba. Tsadar tana zuwa daga baya: abinci, kwalabe, yashin da tsutsa za ta shiga ta yi kwanso, duk sai sun bi ta tukunyar turiri mai matsi, digiri 121 na minti 15 zuwa 20, kuma duk buɗewa da rufewa sai a cikin akwatin iska mai tacewa. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, kwalba a buɗe, an gama. Dafa abinci da irin wannan zafi yana kuma rage wasu bitamin, don haka rukunin kwatance ma dafaffen zai ci. Bilic ba ya kaiwa ga Wolbachia tunda tana cikin ƙwan ne. A madadin wannan wahala ana samun abin da babu maganin da ke bayarwa: ƙuda marar guba a jiki, wanda za a iya ba shi bakteriya iri ɗaya tak a ga aikinta.

Jan ƙarfe da ƙaron zuma

Wannan zaɓi ya fita daga ɗakin gwaji zuwa gona, kuma gonar zaitun ce a ƙasashen Bahar Rum. Ƙudan zaitun, Bactrocera oleae, ya rataya rayuwarsa a kan bakteriya guda, wadda wani masani mai suna Petri ya fara gani a 1909, aka raɗa mata suna Erwinia dacicola a 2005. Tana zaune a wata 'yar jaka a cikin kan ƙudan, kuma ita ke ba tsutsa damar cin ɗanyen zaitun duk da ɗacin sinadarin oleuropein. Masu bincike a Italiya sun nuna cewa magungunan jan ƙarfe da kuma ƙaron da ƙudan zuma ke liƙe amya da shi suna rage yawanta. Jan ƙarfe yana da arha, yana jure rana, amma yana taruwa a ƙasa, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara 7.

Ƙudan mangwaro ba haka yake ba. Abokan zamansa da yawa ne, yana sake ɗibarsu daga ganye, kashin tsuntsu da ruɓaɓɓen ɗan itace, kuma nunannen mangwaro ba shi da katangar da ɗanyen zaitun yake da ita. Abin da ya yi aiki a can ba hujja ba ne a nan.

| Zaɓi | Kuɗi | Dorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Streptomaisin | Arha | Mai kyau | Mai sauƙi | Masu juriya. Rauni a abinci mai tsami |
| Tetrasaikilin | Arha | Haske da yis suna rage shi | Matsakaici | Guba ga mitokondiriya |
| Rifamfisin | Tsada | Yana gudun haske | Sai da DMSO | Juriya cikin sauri |
| Amfisilin | Arha | Zafi yana lalata shi | Mai sauƙi | Yawancin bakteriyar ba sa jin sa |
| Gauraye | Matsakaici zuwa tsada | Gwargwadon mafi rauni a ciki | Matsakaici | Tarin guba. Yis ya cika gurbi |
| Wankin ƙwai | Kaya arha, na'urori tsada | Har sai an gurɓata | Mai wuya | Mutuwar ƙwai, gurɓata |
| Jan ƙarfe | Arha | Mai kyau | Mai sauƙi | Taruwa a ƙasa |

Ko wanne aka ɗauka, ba a cewa an cire bakteriya sai an duba. A tsoma ƙuda a barasa na minti ɗaya, a ɗauraye, a zaro hanjin a ruwan gishiri tsarkakakke, a niƙa, a tsarma shi kashi-kashi, a shafa a farantin agar, a ajiye a digiri 28 zuwa 30 na kwana ɗaya ko biyu, a ƙirga ɗigon da suka tsiro a gwada da na ƙudajen da ba su sha ba. Farantin da ya fito fes bai rufe magana ba, domin akwai waɗanda ba sa tsirowa a agar, Erwinia dacicola ma tana cikinsu. Waɗannan sai gwajin qPCR mai auna yawan ƙwayar gadon bakteriya ta 16S, wanda shi kuma yana ƙirga har gawar bakteriya, don haka a ba da 'yan kwanaki kafin a auna. A kuma lura da abincin kiwon: nipagin da sodiyam benzowet da ake sawa don hana fumfuna suna canja mazauna hanji tun kafin a kawo maganar antibayotik. Ƙudan zaitun da ya daɗe a ɗakin gwaji yakan rasa Erwinia ɗinsa gaba ɗaya.

Wa ya dace da me

Ɗalibin da yake da wata uku ko huɗu, da firiji da farantan agar kawai, yana son ganin ko rage bakteriya yana shafar yawan ƙwai ko tsawon rai: streptomaisin tare da ɗaya daga dangin fenisilin, a ruwan sukarin manya. Kafin ya yi oda, ya tsirar da bakteriyar ƙudajensa ya ɗora musu ƙananan takardun gwajin magani da ake amfani da su a ɗakin gwajin asibiti. Kwana biyu sun isa ya ga wanda ke kama su.

Mai bin sawun juriya ga maganin ƙwari: magani guda da ya tabbatar yana kama bakteriyar da yake zargi, sannan ya mayar da ita cikin wasu daga ƙudajen. Idan juriyar ta tafi da tafiyarta ta dawo da dawowarta, ya kama zaren.

Mai aikin Wolbachia: tetrasaikilin ko rifamfisin, da hutun tsara biyu zuwa uku, sannan ya bar ƙudajen su sake ɗaukar bakteriyar hanji daga kejin 'yan'uwansu kafin ya auna komai. Mai binciken ƙanshin namiji da Bacillus ya karkata ga magungunan da ke kama masu ɗaukar rinin Gram.

Mai son sanin aikin bakteriya ɗaya tilo, ko mai nazarin tsutsa, kuma yana da tukunyar turiri, akwatin iska da wutar da ba ta yankewa: wankin ƙwai.

Mai lambu kuwa, babu ko ɗaya daga antibayotik ɗin nan da ya dace da shi. Inda ake fesa streptomaisin da oksitetrasaikilin a gona, kamar lambunan tuffa da lemo a Amurka, cutar itacen ake yaƙa, ba ƙwaro ba. Rana tana lalata maganin, tsutsar da ke cikin mangwaro ba ta gamuwa da shi, ƙudan zuma da ke kan fure yana sha ya rasa nasa bakteriyar hanjin, ragowar kuma tana horar da ƙwayoyin cutar da gobe za a kai asibiti. Abin da ke rage tsutsa a lambu shi ne tsince duk ɗan da ya faɗi sau biyu a mako, a ɗaure a baƙar leda a bar shi a rana ko a binne a rami mai zurfin aƙalla rabin mita. Rataya tarkon methyl eugenol mai jawo maza tun kafin 'ya'ya su ƙosa. Ɗiga abincin furotin mai maganin ƙwari spinosad a ɗan yankin ganye kowane mako, a sake bayan ruwan sama. Da sa wa 'ya'yan da za a kai babbar kasuwa jakar takarda tun suna kamar ƙwan kaza.